Sanarwa: Zaman Asabar kan Dakta Gulzar Cheema

Assalamu alaikum ƴan uwa likitoci da ma'aikatan jinya mazauna Kanada. Da fatan ana lafiya.

Za mu yi zamanmu na wata-wata ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe 8 na dare agogon Toronto, ta Zoom. Batunmu shi ne Dakta Gulzar Cheema, haifaffen Indiya, wanda ya buɗe asibitinsa a Winnipeg, ya ci zaɓen majalisar lardin Manitoba a 1988. Ya bar kujerar a 1993, ya koma British Columbia, aka zaɓe shi a Surrey a 2001, har ya zama ƙaramin ministan lafiyar ƙwaƙwalwa. A 2004 ya ajiye kujerarsa ta majalisar lardin ya nemi majalisar tarayya, bai samu ba. Nan za mu fi tsayawa, domin masu sha'awar takara a cikinmu su san abin da ke gabansu.

Kowa ya turo tambaya ɗaya kafin Alhamis. Mai shirin tsayawa ya tabbatar takardar zama ɗan ƙasa tana hannu, katin zaman dindindin ba ya isa. A shigo da wuri, a kashe makirufo.

Allah ya kai mu lafiya.
Kwamitin shirye-shirye