Abin da na gani a Salzburg ya sa na tuna da Kufena

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi abin da ke cina tun da na dawo daga Ostiriya, inda na je duba ɗana da ke karatu a Salzburg. Ni malamin tarihi ne mai ritaya, yawon buɗe ido bai taɓa shiga lissafina ba. Yaron ne ya sayo tikiti ya ce, "Baba, gobe za mu bi motar masu zagaya wuraren da aka ɗauki fim." Na ce fim kuma, da furfurata? Ya ce in dai zo in gani.

Fim ɗin shi ne The Sound of Music, na Amurkawa, wanda ya fito a 1965, a kan labarin wata mata Maria da iyalan von Trapp, mawaƙan da suka tsere daga Salzburg zamanin 'yan Nazi. Shekara sittin ke nan, amma har yau kullum manyan motoci na cika da baƙi saboda shi. Daga bakin lambun Mirabell muka tashi. A motarmu akwai Amurkawa da 'yan Koriya da Indiyawa, ni kaɗai ne mai babbar riga. Jagorarmu wata dattijuwa ce mai bakin 'yan kasuwa. Ita ta fara gaya mana cewa da yawa daga mutanen garin ba su taɓa kallon fim ɗin ba, amma suna cin abinci da shi.

Abin da ya burge ni, ba ta rufe mana komai ba. A bakin tafkin fadar Leopoldskron ta ce nan ne bayan gidan da ake gani a fim, gabansa kuwa wani gida ne daban, Frohnburg. Ɗaurin auren da aka nuna, a cocin Mondsee aka ɗauka, alhali Maria ta gaskiya a cocin Nonnberg da ke cikin Salzburg aka ɗaura nata a 1927. Tsallake duwatsu da ƙafa don guje wa 'yan Nazi kuwa shaci-faɗi ne: iyalan von Trapp jirgin ƙasa suka hau zuwa Italiya a 1938, kuma da sun bi waɗancan duwatsun da Jamus za su faɗa. Aka kwashe da dariya, ba wanda ya nemi a mayar masa da kuɗinsa.

Daga nan muka miƙi hanyar tafkuna, muka wuce Fuschl muka sauka St. Gilgen a bakin tafkin Wolfgang, ƙauyen da aka haifi mahaifiyar Mozart, shahararren makaɗin nan ɗan Salzburg. Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya a Sabon Gari ya san irin wannan wuri, koren tudu, dutse mai farin kai, gidajen katako da furanni a taga. Ashe akwai su da gaske. Azahar ta same ni a nan. Na tsuguna kan wani dakalin katako na ɗebi ruwan tafkin, ruwa garau har ina ƙirga tsakuwar ƙasansa, amma ina zuba shi a hannu na ji kamar an soka min allura, sanyin hunturun Samaru wasa ne. Na shimfiɗa rawanina a kan ciyawa na yi kasaru, agwagi biyu na kallona. Da na koma mota na tarar ni kaɗai ake jira. Matar ta nuna min agogo tana murmushi, na yi minti bakwai a kan lokaci. Kunya ta ishe ni.

Ta kuma ce sunan Salzburg daga gishiri ya samo asali, don da shi garin ya yi arziki. Nan take ayarin Bilma ya faɗo min a rai.

To, ga inda gizo ke saƙar. Wata biyu da dawowata wani surukina ya zo daga Maraɗi ya ce in kai shi dutsen Kufena da ke nan Zariya. Muka ɗauki ɗan sahu, muka isa, ba allo, ba mai bayani, sai wani yaro mai kiwon awaki da ya nuna mana hanyar hawa. Ni na zama jagora, ina haki ina ba shi labarin Bakwa Turunku da Sarauniya Amina da ragowar ganuwar da ta kewaye dutsen. A gindinsa ma na taɓa tarar da 'yan fim suna ɗaukar waƙa, amma yau ko wanda ya kalli fim ɗin ba zai san nan ne ba.

Su can labarin iyali ɗaya suka riƙe. Mu muna da ganuwar birni da ƙofofinta, Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, muna da Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, wanda masana gine-gine ke tasowa daga Turai don ganin bakan gizonsa, ga tsohuwar cocin ƙasa ta Wusasa, ga Turunku ba nisa. Tafki mai ƙanƙara ne kawai ba mu da shi, shi ma ban yi kewarsa ba.

Ba gwamnati nake jira ba. Kira nake ga matasanmu da suka karanta tarihi suna zaune, da masu motocin haya, da 'yan fim su faɗi inda suka ɗauki me. A samu bas ɗaya mai kujera 18, ranar Asabar, a tashi ƙarfe takwas daga Ƙofar Doka, a ci waina a cikin birni, a dawo kafin la'asar. A sa kuɗi daidai aljihun malamin makaranta, a kuma ware lokacin salla. In an shirya a sanar ta wannan jarida, ni da surukina mun kama kujeru biyu na gaba.

Naka,
Tsohon malamin tarihi,
Tudun Wada, Zariya.