Rigar fata mara kwala ta masu babur: ba a gidan shayin Landan aka haife ta ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata riga da ta shiga ran matasanmu mazauna Saudiyya, wato rigar fata ta masu babur wadda ba ta da kwala, sai ɗan siririn wuya a tsaye irin na jallabiyar mutanen ƙasar nan. Da zarar sanyi ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, za ka ga samari suna tona kayan gwanjo a kasuwar Sawarikh da ke kudancin Jidda ko a Haraj bin Ƙasim ta Riyad suna neman ta, kuma labari ɗaya dillalai suke ba su, wai 'yan tseren babur na Landan ne suka ƙirƙiro ta, shi ya sa ake kiran ta Cafe Racer, wato ɗan tseren gidan shayi. Labarin yana da ƙamshin gaskiya, amma asalin rigar a Amurka yake, a filayen tsere, kuma wanda ya san haka ya fi iya rarrabe ta ƙwarai da jabu kafin ya zaro riyal ɗinsa.

A farkon ƙarni na 20 masu tseren babur a Amurka rigar ulu suke sawa, ko da a kan filayen tsere na katako masu hatsari inda aka yi asarar rayuka da yawa. Matuƙa jirgin sama ne suka fara sabawa da gajeriyar rigar fata, domin rundunar sojan saman Amurka ta amince da samfurin A-1 mai maɓallai a 1927, sannan A-2 mai zif a 1931. A tsakanin waɗannan shekaru biyu, wato a 1928, Irving Schott, wanda ya kafa kamfanin Schott tare da ɗan'uwansa Jack a birnin Niyok a 1913, ya fitar da rigar da ya sa wa suna Perfecto, aka riƙa sayar da ita dala 5.50 ta hannun wani dillalin kayan kamfanin babura na Harley-Davidson. Ita wannan tana da faffaɗar kwala, da zif a karkace, da bel a ƙugu, kuma irinta ce Marlon Brando ya sa a fim ɗin The Wild One na 1953, har ta zama alamar matasa masu taurin kai a duniya.

To amma abin da ya dace da mai yawon shaƙatawa a titi bai dace da ɗan tsere ba. Wanda ya kwanta a kan tankin babur yana gudun da ya wuce kilomita 150 a awa ba ya son komai da iska za ta kama. Faffaɗar kwala tana kaɗawa tana marin haɓa, ƙarfen bel yana karce tanki, madaurin kafaɗa kuma yana iya maƙalewa idan mutum ya faɗi yana jan ƙasa. Saboda haka maɗinka suka cire duk waɗannan. Suka bar wuya ɗan siriri mai maɓalli ɗaya ko biyu, wanda yake tare iska ba ya kuma tokare hular kwano, suka miƙe zif ɗin a tsakiya, suka sa wa aljihun ƙirji da bakin hannu zif domin su lafe, suka gajarta rigar zuwa ƙugu don kada ta tattare idan an sunkuya. Hannunta ya fi na rigar yau da kullum tsawo, domin a miƙe hannun mahayi yake, kuma shi ya sa wanda ya gwada ta a tsaye gaban madubi yake zaton ta yi masa yawa. Duk kyan da ake yaba mata a yau daga wannan ragi ya fito, ba wani mai zanen tufafi ne ya zauna ya ƙawata ta ba.

Wanda ya fi shahara da wannan ɗinki shi ne kamfanin Joseph Buegeleisen na birnin Ditiroyit, mai tambarin Buco, musamman samfurinsa J-100, wanda aka san shi a matsayin rigar tsere. Akwai kuma Brooks a wannan birni, da Bates a Kalifoniya, shi ma Schott daga baya ya fitar da nasa. Darajar Buco ta kai har wani kamfanin Japan, The Real McCoy's, yana sake ɗinka J-100 a yau a kan tsohon fasalinta, yana sayarwa da tsada.

Ina Landan ta shigo? Gidan shayi na Ace Cafe, wanda aka buɗe a 1938 a bakin titin North Circular domin direbobin manyan motoci, ya zama matattarar samari masu babur a shekarun 1950 da 1960. Burinsu shi ne su kai gudun mil 100 a awa, kimanin kilomita 160, a kan babura ƙirar Triumph da Norton da BSA, wasu ma suna ɗora injin Triumph a kan gangar jikin Norton su kira shi Triton. Babur ɗin da aka rage wa nauyi aka sauke masa kambu shi ne ainihin mai sunan Cafe Racer, kafin 'yan kasuwa su liƙa wa riga. Wanda ya duba hotunan wancan zamani zai ga yawancin samarin riguna masu kwala suke sawa, cike da bajoji da ƙusoshin ado, irin samfurin Bronx da kamfanin Lewis Leathers ya fitar a 1956, tare da farin gyale a wuya. An rufe Ace Cafe a 1969, ba a kuma sake buɗe shi sosai ba sai a 2001. Ba na ƙaryata cewa wasunsu sun sa mara kwala, kuma kamfanonin Ingila sun ɗinka ta, sai dai ɗauka suka yi daga 'yan tsere.

Abin da ya fi damuna, ya Edita, shi ne yadda ake sayar wa 'ya'yanmu roba da sunan tsohuwar fata. Mu da muka fito daga ƙasar majema da dukawa bai kamata a yi mana wannan ba. Fatar jar akuyar Sakkwato ce aka yi ta ketarawa da ita Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, kuma Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya rubuta yadda takalma da jemammun fatu suke cikin manyan hajojin birnin. Tsofaffin rigunan nan da fatar doki ko ta sa aka fi yin su, wasu kuma da ta akuya, kuma mai kauri ce, sama da milimita ɗaya, tana da nauyi a hannu. Fata ta gaskiya tana tsufa ta hanyar laushi da canza launi a gwiwar hannu da gefen aljihu, ita kuwa roba ɓarewa take yi, sai ka ga yadi a ƙarƙashi. A duba zif ɗin ma, domin a rigunan Amurka na wancan zamani an fi samun mai tambarin Talon, ko da yake sabon zif ba hujja ba ne cewa rigar jabu ce, tunda shi ne yake fara lalacewa a sauya shi. A duba kuma shafin ciki da bakin aljihu, saboda wasu riguna masu araha da fatar alade ake yi musu, kuma ana gane ta da 'yan ramukan gashi da suke zuwa uku-uku. Hukuncin sa ta na malamai ne, amma gara mai saye ya san abin da ya ɗauka.

Ina kuma jan hankalin 'yan'uwanmu da suke neman halaliyarsu ta hanyar kai abinci da saƙonni a kan babur. Rigar da ta shekara 50 ko 60, ko da ta asali ce, fatarta ta bushe, zarenta ya ruɓe, kuma ba ta da matashin kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da baya kamar rigunan zamani. Tana iya yagewa a ɗinki da zarar ta haɗu da kwalta. Ga kuma zafin Jidda da ke kaiwa digiri 40 a bazara, wanda baƙar fata mai kauri za ta iya jigata mutum a cikinsa. Mai aiki a titi ya nemi riga mai raga ko fata mai huji-huji da aka yi domin ƙasashen zafi, ya bar tsohuwar don daren sanyi ko tafiya garin Tabuk mai sanyi.

Wanda Allah ya ba shi sa'ar samun ta ƙwarai kuma, ya sani cewa danshin Bahar Maliya ya fi komai ɓata ta. Kada a naɗe ta a leda, domin fumfuna za ta kama ta cikin 'yan makonni. A rataye ta a faffaɗan maratayi inda iska ke ratsawa, nesa da rana, a riƙa shafa mata man fata kaɗan sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma idan ɗinki ya saki a kai wa baduku, kada a kai wa telan yadi, saboda allurar kekensa tana jera ramuka kusa da juna har fatar ta tsage a kan layin.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku,
Jidda, Saudiyya