Wasiƙa Zuwa Maraɗi: Amsar Tambayarka a Kan Karatuna

Kano, daren Juma'a.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Inna da amarya da dukan mutanen gida. Yaya ƙafar Baba? An ce min har ya fara fita masallaci da kansa, Allah ya ƙara afuwa. Mu nan lafiya lau, sai zafi da shirin jarrabawa. Kilishin da ka aiko ya iso, Hajiya ta yi ta sa maka albarka.

Saƙon muryar da ka turo min makon jiya ne ya sa na ɗauki biro. Ka ce, wai ita siyasa har sai an je jami'a ake koyon ta, me ma ake koya mana shekara huɗu? Na san da gaske kake tambaya, domin Kawu ma haka ya tare ni ranar da na samu gurbin karatu, ya ce da likita ko lauya na nema da ya gane inda na dosa. Na yi niyyar ba ka amsa a waya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin minti biyu. Ga shi kuma akwai wata alfarma da zan nema a wurinka, za ka gan ta a ƙasa.

Ranar da muka fara shiga lacca, malaminmu ya rubuta tambaya ɗaya a allo: wa ke samun me, yaushe, kuma ta wace hanya? Ya ce wani masani ɗan Amurka, Harold Lasswell, shi ya taƙaita siyasa haka tun 1936, kuma duk abin da za mu karanta har mu gama, wannan tambayar yake zagayawa. Daga nan aka bi da mu ta kan Aristotle da Hobbes da Locke da Montesquieu, wanda ya yi bayanin raba iko gida uku, tsakanin masu yin doka da masu zartarwa da alƙalai. Na karanta su, na ci jarrabawarsu. Amma inda zuciyata ta kama shi ne da aka zo kan namu. A nan Kano, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Maghili ya rubuta masa nasiha a kan yadda sarki zai riƙe talakawa da baitulmali da shari'a. Bayan shekara ɗari uku, Malam Abdullahi na Gwandu shi ma ya zauna a garin nan ya rubuta wa Kanawa littafi a kan tsarin hukuma. Ka ga ashe tambayar nan ta wa zai riƙe iko, kuma wa zai tuhume shi in ya kauce, kakanninmu sun daɗe suna kokawa da ita. A ganina ya kamata a ba su lokaci a aji daidai da wanda ake ba Turawa.

Ka tuna kwalbatin bakin layinmu, wanda ruwa ya cinye shekarar da ka koma gida? Har yanzu yana nan yadda ka bar shi. Damina ta bana sai da muka jera buhunan yashi a ƙofar gida, ruwa ya shiga shagon mai nika ya jiƙa masa buhun masara huɗu. A da in an yi haka sai mu zagi kansila mu yi shiru. Darasin ƙananan hukumomi ne ya nuna min hanyar da kuɗin kwalbatin nan ke bi. Najeriya tana da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai tana da 44. Duk wata ana raba kuɗin asusun tarayya a Abuja: gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. To amma sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, ta nan kason yake bi kafin ya kai hannun ciyaman. Wanda ya riƙe bakin tulu kuwa shi ke da ruwa. Sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙaramar hukuma, amma shekara da shekaru gwamnoni da dama suna naɗa kantomomi. Sai ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya ɗora nasa. A aji mun yi murna, malaminmu ya ce mu dakata mu ga aiwatarwa, kuma gaskiyarsa, domin abin tafiyar hawainiya yake yi. Duk da haka, yanzu in na tsaya gaban kansilanmu na san abin da zan tambaye shi, na san kuma abin da ba a hannunsa yake ba.

Da aka zo kwatanta tsarin ƙasashe, ni na zaɓi Najeriya da Nijar, saboda kai. Mu tarayya muke, kowace jiha da zaɓaɓɓen gwamnanta da majalisarta. Ku kuwa gwamnan Maraɗi daga Yamai ake naɗo shi, tsarin da kuka gada daga Faransa. A watan Afrilun 2024 ma sojoji sun rushe majalisun magadan gari suka naɗa nasu. Da na karanta labarin sai na ce ashe kantoma ba mu kaɗai muka san shi ba.

Akwai wata shari'a da nake so ka ji, don ta Kano ce. A 1979 aka koma tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, aka ce kafin mutum ya ci zaɓe sai ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi. An yi haka ne don kada wani ya hau mulki da ƙuri'ar yankinsa kaɗai, tunda ba a daɗe da fitowa daga yaƙin basasa ba. Jihohi 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuwa, inda Malam Aminu Kano da jam'iyyarsa ta PRP suka mamaye, ya tsaya kusan kashi 20. Cif Awolowo ya kai ƙara, ya ce biyu cikin ukun 19 jihohi 13 ne. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a'a, 12 ne da biyu bisa uku, saboda haka a Kano rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'un kawai ake bukata. Kotun Ƙoli ta ba Shagari gaskiya. Mun shafe awa biyu muna gardama a kan wannan lissafi, ajin ya rabu biyu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda jimla ɗaya da aka rubuta ba tare da an auna ta da adadin jihohi ba ta kusa jefa ƙasa cikin rikici.

An kai mu Mambayya, gidan Malam Aminu da ke Gwammaja, inda kabarinsa yake. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa na daɗe ina kallo. Mutumin da ya girgiza sarakuna da En'e tun kafa jam'iyyar NEPU a watan Agustan 1950, ga ɗan abin da ya bari. A hanyar dawowa na tuna labarin da Baba yake ba mu na 'yan Sawaba a Nijar, jam'iyyar Djibo Bakary, wadda ta ce a ƙi tayin Janar de Gaulle na ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka kayar da ita, aka haramta ta a 1959. Kalma ɗaya ce, sawaba, talakan Kano da talakan Maraɗi suka riƙe a zamani guda, ɗaya a ƙarƙashin Ingila ɗaya a ƙarƙashin Faransa. Don Allah in ka samu Baba cikin nishaɗi, ka sa ya sake ba da labarin, ka naɗar min a waya.

Bana muka shiga hulɗar ƙasa da ƙasa, kuma a nan ne karatun ya zo ya same ni har gida. Ana koya mana cewa masana sun rabu. Wasu sun ce kowace ƙasa maslaharta da ƙarfinta kawai take dubawa, tunda babu wata hukuma a saman ƙasashe da za ta tsawata. Wasu sun ce ciniki da yarjejeniya da ƙungiyoyi suna iya ɗaure ƙasashe su zauna lafiya. Ana ba da misali da Majalisar Ɗinkin Duniya, inda Kwamitin Sulhu yake da kujeru 15 amma biyar ne ke da kujerar naƙi, Amurka da Rasha da Sin da Ingila da Faransa, babu ko ɗaya daga Afirka. Ni kuwa duk lokacin da ake wannan bayani, Jibiya, garin bakin iyakarmu da ku, nake gani.

Kai ka fi ni sanin abin da ya faru, a jikinka ya ƙare. Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka tsare Shugaba Bazoum. Bayan kwana huɗu ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, wadda ku kuke kira CEDEAO, ta zauna a Abuja ta ƙaƙaba takunkumi, ta ba da wa'adin mako guda. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Ban manta da muryarka ba daren da ka kira ni kana cewa motar kayanka tana tsaye a bakin iyaka kwana tara, direba yana kwana a ƙarƙashinta, ga bikin ƙanwarka ya matso kuma rabin dangi suna Katsina. A littafi, takunkumi hanya ce ta matsa wa masu mulki lamba ba tare da an harba bindiga ba. A Ɗan Isa da Illela da Maigatari kuwa, mai albasa da mai dabbobi da majinyacin da ke neman magani su suka fara ɗanɗana shi. Na faɗi wannan a aji, muryata tana rawa.

Amma dole in gaya maka ɗaya gefen, ko da ba zai yi maka daɗi ba. ECOWAS tana da yarjejeniyar 2001 a kan dimokuraɗiyya, wadda ta haramta karɓar mulki ba ta hanyar zaɓe ba, kuma Nijar tana cikin waɗanda suka amince da ita. Ƙasarku ta ga juyin mulki a 1974 da 1996 da 1999 da 2010, sai a 2021 farar hula ya miƙa wa farar hula mulki karo na farko. Mu ma nan mun sha namu. Saboda haka ina ganin ƙungiyar tana da hujjar yin magana. Inda nake ganin ta yi kuskure shi ne barazanar yaƙi da kuma hukuncin da ya faɗa kan talaka. Abin da ya taka wa lamarin birki kuwa daga cikin gida ya fito. Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan amfani da soja, sanatocin Arewa suka tuna wa kowa cewa jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno. Malaman addini da sarakuna suka yi ta zuwa Yamai. A nan na gane cewa siyasar cikin gida da ta waje, da aka raba mana su a jadawalin karatu, igiya ɗaya ce. An ɗage takunkumi a watan Fabrairun 2024, amma zuciya ta riga ta ɓaci, Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, shekara kusan 50 bayan kafa ta a Legas a 1975.

Ita kanta iyakar, Ingila da Faransa suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ba tare da an tambayi Bakatsine ko Bagobiri ba. Sarkinku har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake kiransa. A 1964 shugabannin Afirka suka amince a Alƙahira cewa a bar iyakokin yadda aka gada, don gudun yaƙe-yaƙe. Na yarda da hikimar hakan, amma ina ganin wanda ya amince ya riƙe irin wannan iyaka ya ɗauki nauyin barin ta a buɗe ga mutanen da ta raba.

Ga alfarmar. Kundin kammala digirina a kan wannan zan rubuta shi: yadda rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 ya shafi 'yan kasuwar hanyar Kano zuwa Katsina zuwa Maraɗi. Malamin da ke duba ni ya amince. Na riga na yi hira da wasu a kasuwar hatsi ta Dawanau, amma aikin zai zama rabi in ban ji daga bakin mutanenku ba. Ina so ka nemo min mutum goma ko sha biyu, direbobi da dillalan hatsi da 'yan canji, har da mata masu ƙananan sana'a in za su yarda. Ka tabbatar musu ba zan rubuta sunan kowa ba, kuma ba ruwana da wanda suke goyon baya. Abin da nake son ji shi ne nawa buhu ya kai, ta wace hanya kaya suka riƙa bi, wa ya karye, wa kuma ya samu.

Ka tambayi aikin da zan yi in na gama. Wasu abokan karatuna suna harin ma'aikatar harkokin waje, wasu jarida, wasu hukumar zaɓe. Ni koyarwa nake so, in Allah ya yarda, bayan na yi hidimar ƙasa.

Muna gama jarrabawa zan taho, ta Jibiya. Ka sanar da ni ko katin shaida ya isa a bakin iyaka yanzu ko sai da wata takarda, da kuma yadda canjin sefa yake, don in san abin da zan riƙo. Hajiya za ta ba ni atamfa in kawo wa amarya, ta ce a tambaye ta kalar da take so. Ka gaida Inna da Baba da kyau, ka ce ina neman addu'arsu.

Wassalam,
Naka amini.