Wasiƙar Godiya ga Ofishin Kula da Filayen Shaƙatawa

Zuwa ga Shugaban Ofishi da dukkan ma'aikatansa,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin iyayen yaran unguwarmu domin mu gode muku a bainar jama'a kan sabunta filin shaƙatawarmu da kuka yi.

Sai wanda ya san filin a da zai gane dalilin farin cikinmu. Lilon yara ya yi tsatsa har sarƙarsa ta tsinke, allon ƙwallon kwando ya karye aka bar sanda tsaye, kuma da zarar an yi ruwan sama sai tsakiyar filin ta zama kududdufi, saboda babu magudana ko ɗaya. Da duhu ya shiga, babu uwar da za ta bar ɗanta ya taka wurin. Matasa masu takalmin taya da allon sulu (allo mai ƙananan tayoyi da ake hawa a tsaye) kuwa, da suka rasa inda za su yi wasansu, sai suka koma kan titi suna kutsawa tsakanin motoci, mu kuma hankalinmu a tashe. Mun kai kuka wurare da dama; wasu suka karɓi takarda suka jefa a aljihun tebur, wasu suka zo suka ɗauki hoto, daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne halin injiniyar da kuka turo. Kafin ta zana komai, sai da ta zauna da matasan nan da kowa yake kora, ta tambaye su irin gangaren da suke buƙata, ta rubuta amsarsu. Ta bayyana mana cewa dole kankaren wasan sulu ya yi sumul, a ɗan karkata shi yadda ruwa zai gangara ya fita, a kuma sa bututun ƙarfe a leɓen gangaren don kada ya farfashe. Da wani dattijo ya ce wannan wasan shiririta ne, ba ta yi fushi ba. Cikin ladabi ta shaida masa cewa wasan allon sulu ya shiga gasar Olamfik tun wadda aka yi a Tokyo a 2021, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki na minti 60 kowace rana. Ita ce ta dage a raba wurin ƙananan yara da na masu taya da shinge, kuma a sunkuyar da fitilu ƙasa don kada haskensu ya shiga tagogin maƙwabta.

Filin ƙwallon kwandon ya fito daidai ƙa'ida, mita 28 da 15, kwandon a tsayin mita 3.05, ga kujeru a inuwa da hanyar keken guragu.

Abin takaici, a wurare da yawa gyaran fili bai wuce shafa fenti da kafa allon sanarwa da yanke ƙyalle ba. Ana ba da kwangila ba a tambayi masu amfani da wurin ba, a zuba kankare mai kaushi da yake yage gwiwar yaro, a manta da magudana, kuma ba a ware ko kaɗan don kula da wurin bayan buɗewa. Shi ya sa muke roƙonku ku ci gaba da turo masu dubawa, domin 'yar tsaga a kankare ta isa ta tsayar da ƙaramar taya ta kayar da yaro.

Allah ya saka muku da alheri.

Naku,
Wani mahaifi, a madadin iyayen unguwa