Gaisuwar Babbar Sallah Daga Birmingham

Zuwa ga mahaifiyata Hajiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da Sallah, ke da Baba da ƙannena da duk mutanen gida. Allah Ya maimaita mana, Ya karɓi layyarku.

Mun yi Idi da safe a filin shaƙatawa na Small Heath, inda Musulmi daga ƙasashe daban-daban suka cika wuri, amma da aka sallame sai kowa ya kama gabansa, domin a nan Ingila ba a ba da hutun Sallah, ni ma izinin kwana ɗaya na roƙa a wurin aiki. Doka ba ta yarda mutum ya yanka ragon layya a gidansa ba, sai dai ya biya mahauci a yanka masa a mayanka, ya karɓi naman a leda. Na soya nawa yadda kika koya mini, ya kuma yi daɗi daidai gwargwado, sai dai babu ƙamshin hayaƙin itace a jikinsa, kuma ni kaɗai na zauna a gabansa.

Ina cikin suyar ne na tuna Sallar da shirwa ta ƙwace mini hanta. Ina jin shekarata 7. Baba ya jira labari ya zo cewa liman ya yanka, sannan ya kayar da ragonmu a gindin darbejiya, aka feɗe, kika gasa hanta a kan garwashi kika barbaɗa mata yaji, kika miƙo mini yankan farko. Na fita ƙofar gida ina ɗaga shi sama don yaran maƙwabta su gani, ban ankara ba sai iska ta bugi fuskata, farce ya karce mini yatsa, hannuna ya zama wayam. Na yi kuka har Kaka, Allah Ya jiƙanta, ta ba ni nata kason, tana cewa ita ma shirwa Sallarta ta yi. Tabon yana nan a ɗan yatsana har yau. A lokacin ungulaye kan yi layi a kan katanga suna jiran a zubar da tumbi, amma ƙanena ya ce mini yanzu sai a shekara ba a ga ko ɗaya ba, abin da ya sosa mini rai fiye da yadda na zata.

Na tuna kuma lokacin koron jan baki a gonar shinkafarmu ta fadamar Haɗeja, yadda muke fita tun asuba da majajjawa da gwangwanaye masu tsakuwa a ciki, ke kuwa ki biyo mu da hantsi da ƙwaryar fura da nono. A can ne na taka wutsiyar guza a cikin ciyawa, ya yi huci ya zabga mini bulala a ƙwauri kafin ya faɗa ruwa, ni kuma na kifar da furar gaba ɗaya. Ba ki yi mini faɗa ba, kika duba ƙafar, kika koma gida kika damo wata. Baba yakan ce abin da muka gani kaɗan ne, domin kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliya takan mamaye fadamar nesa da inda take tsayawa yanzu, kifi da dinya da kirinjijiya kuwa ba a magana.

A nan dabbar da na fi gani ita ce wata irin yanyawa ja, mai yawo a unguwa da dare tana tonon shara. Amma jiya da yamma, kasancewar rana ba ta faɗuwa yanzu sai bayan ƙarfe 9, na ga tsattsewa suna shawagi a saman rufin gidaje. Irinsu ne ke ƙetare hamada zuwa Afirka idan sanyi ya shigo nan, don haka na daɗe a tsaye ina kallonsu. Ki gaya mini ko shamuwa ta dawo kan tsamiyar bayan gida, kuma ko an yi ruwan shuka.

Idan an sami mai tahowa, ina roƙon kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajinki, amma kada a sa kilishi ko dambun nama ko man shanu, domin ba a yarda a shigo da nama ko kayan madara ba. Na aika da ɗan abin barka da Sallah ta hannun Yaya, a raba wa yara, a kuma kai wa Gwaggo nata. Ki ci gaba da sa ni a addu'a, ki roƙa mini albarkar Baba.

Wassalam,
Ɗanki mai kewarku.