Miyar da ba ta hawa wuta, da zafin da ke kashe leburori

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan miya. Na san wani zai ce jama'a na fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wannan kuma ya zo mana da zancen tukunya. A yi haƙuri a bi ni. Miyar da nake nufi ko wuta ba ta hawa, kuma zancenta haɗe yake da labaran da nake ji kullum a rediyo.

Ni mutumin Kura ne, a gonar tumatir na tashi. Yanzu ina aiki a rumfunan leda na lardin Almeriya a kudancin Sifaniya, inda ake noma tumatir da tattasai da kokwamban da ake kaiwa kasuwannin Turai. Rumfunan sun cinye fiye da hekta 30,000, har mutanen nan na ce wa wurin tekun leda. Da bazara ta shigo sai a shafe saman ledar da farar ƙasa don a rage kaifin rana, mu shiga aiki da asuba, mu fito wajen azahar riga ta manne a baya. A wannan lokacin ko an ajiye maka shinkafa da kaza ba za ta shigu ba. Abin da ke shiga shi ne gaspacho, miyar ɗanyen tumatir da ake sha da sanyi.

Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta koya mini, matar da tun tana yarinya take aikin gona. Za a samu tumatir kamar kilo ɗaya wanda ya nuna luguf, irin wanda a kasuwarmu ake karyar da kuɗinsa da yamma. A haɗa da rabin kokwamba, koren tattasai marar yaji guda ɗaya, ƙwayar tafarnuwa ɗaya, gishiri, da gutsuren burodin jiya da aka jiƙa. A markaɗa su ɗanyu. Ana cikin markaɗen a riƙa tsiyaya man zaitun, cokali uku ko huɗu, har jan ya koma ruwan goro. Sai a ɗiga ruwan khal, a tace da rariya, a sa a firji ya yi sanyi. Ita dai ba ta yarda a jefa ƙanƙara a ciki ba, tana ganin tsinka shi take yi. A kofi ake sha, a tsaye ma in an ga dama. Kana kurɓa za ka ji tsami da gishiri da sanyi sun sauka tare, bayan ɗan lokaci jirin da ke ɗibarka ya lafa.

A wurinmu a kawo wa baƙo miya da sanyi wulaƙanci ne, na sani. Amma duk wanda ya taɓa dama fura da nono a tsakiyar watan Afrilu ya riga ya san dabarar: abin da zai kashe ƙishirwa ya kuma riƙe ciki, ba tare da an hura wuta ba. Asalin gaspacho abincin 'yan ƙodago ne a gonakin Andalus. Busasshen burodi, ruwa, mai, gishiri, tafarnuwa da khal suke kirɓawa a babban akushi, su zagaye shi a inuwa kowa da cokalinsa. Tumatir daga baya ya shigo, domin daga nahiyar Amurka aka kawo shi bayan 1492.

Tana da 'yan uwa. A Kurɗuba suna yin salmoreho, wanda burodinsa ya fi yawa, ya yi kauri sai da cokali. Har akwai lungun da aka rubuta awonsa a bango: tumatir kilo ɗaya, burodi giram 200, mai giram 100, tafarnuwa ɗaya, gishiri giram 10. Musulmin da ya zo nan ya kula, a gidajen abinci suna barbaɗa masa dafaffen ƙwai da naman alade a kai, sai ka faɗa tun da wuri a cire maka. A Malaga kuma akwai wata fara da ake yi da 'ya'yan almon da burodi da tafarnuwa, a jefa inabi a ciki. A Balensiya ma kunun ayarmu ne suke sha da sunan orchata, kuma wani kaso na ayar daga Afirka ta Yamma ake sayo ta, har da Nijar.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A nan zafi labari ne na shafin farko. Ranar 14 ga Agustan 2021 ma'aunin zafi ya kai digiri 47.6 a garin La Rambla na lardin Kurɗuba, mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a ƙasar. Masu bincike sun ƙiyasta cewa zafin bazarar 2022 ya kashe sama da mutum 61,000 a Turai, fiye da 11,000 daga ciki a Sifaniya. A Yulin shekarar wani mai sharar titi ɗan shekara 60 ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki a Madrid, bai tashi ba. Jaridu suka ɗauki maganar ba su sake ta ba, har a Mayun 2023 gwamnati ta kafa dokar da ta tilasta a sauya lokacin aikin waje ko a dakatar da shi idan hukumar yanayi ta ba da gargaɗi mai tsanani.

Ba zan ce dokar ta isa ko'ina ba. Wanda ba shi da takardar izinin zama ba ya iya buɗe baki, kuma irinsu suna da yawa a gonaki. A 2024 kaɗai sama da mutum 46,000 suka iso tsibiran Kanari na Sifaniya ta kwalekwale, mafi yawansu daga yankinmu. Har yau mutanen nan ba su manta da wani ɗan Nikaraguwa mai tsinkar kankana a Mursiya ba, wanda zafi ya kayar da shi a Agustan 2020, aka ɗauko shi a mota aka ajiye a ƙofar asibiti aka tafi. Ya bar mata da 'ya'ya. Duk ranar da na ga sabon yaro ya shigo rumfa ba gorar ruwa a hannunsa, shi nake tunawa.

To mu a gida fa? Daga Maris zuwa Mayu, Kano da Sakkwato da Maiduguri na haura digiri 40, kwana da kwanaki, ga wutar lantarki ba tabbas. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai 48.5, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ce mutum 102 suka rasu a wurinsa cikin kwana huɗu. Su sun ƙirga. Mu idan mai tura baro ko ɗan ga-ruwa ko leburan gini ya faɗi da rana tsaka, sai a ce hawan jini ne, kwana ne ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, Allah Ya jiƙan Musulmi, amma an umarce mu da riƙo da sababi. Ina roƙonka, Malam Edita, idan zafi ya kama ka tura wakilinka asibitoci da maƙabartu ya tambayi adadi, ya je wuraren gini ya ga ko ana bai wa leburori hutu da ruwa tsakanin azahar da la'asar. Gargaɗin da hukumar yanayi ta NiMet ke fitarwa ku riƙa buga shi da Hausa a inda ido zai gani.

Abin da ke ci mini rai kuma shi ne lokacin da zafin ke shigowa ya yi daidai da wutsiyar kakar tumatir ɗin rani. Wanda ya san Kwanar Gafan ya san yadda kwanduna ke jeruwa a bakin titi, kuɗi ya faɗi warwas, wanda ya yi laushi a yanka a shanya a ƙasa ko a zubar. Wannan mai laushin, matuƙar bai ruɓe ba, shi ne ainihin na gaspacho. Mu da manoman nan har annobarmu ɗaya ce. Tsutsar sharon da ta cinye mana gonaki a 2016, har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, a Sifaniya ta fara ɓulla a Turai a 2006 bayan ta ƙetaro daga Kudancin Amurka.

Man zaitun ba dole ba ne. Ko a nan, da fari ya hana zaitun yi a 2022 da 2023, kuɗin lita ya ninka, wasu kantuna suka riƙa ɗaure kwalabe da sarƙa, har gwamnati ta cire masa haraji a Yulin 2024. Ni a lokacin da man gyaɗa na riƙa yi, kuma ya sha. Inda babu khal a matse lemon tsami. Inda babu injin markaɗe akwai turmi, inda babu firji a rufe a kwano a jingina da randa.

Abu ɗaya ne ba wasa a cikinsa. Miya ce ɗanya, wuta ba ta taɓa ta ba, mu kuma mun san ɓarnar amai da gudawa. A wanke kayan sosai da ruwa mai tsabta, ruwan da za a zuba ya zama na sha wanda aka tafasa ya huce, kuma a shanye a ranar, kada ta kwana in ba firji. Matan da ke shafin girke-girkenku sun fi ni sanin hannu, su gwada su gyara ta daidai da bakinmu, ko da ɗan citta ko attaruhu ne, su rubuto mu gani.

A isar mini da gaisuwa ga manoman Kura da Kadawa da Garun Malam.

Wassalam,
Wani ɗan Kura mazaunin Almeriya, Sifaniya