Barkanku da Sallah daga Filadelfiya

Assalamu alaikum. Inna, Baba, da duk mutanen gida, barkanku da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Na san kun daɗe da saukowa daga idi tunda kuna gabanmu da awa 5, an raba tuwo, yara sun watse yawon Sallah. Ni yanzu na shigo, ko mayafi ban cire ba na zauna rubutu, don in na ce saƙon murya zan yi, kuka ne zai ci ƙarfina.

Mun yi idi lafiya lau. Garin nan akwai Musulmi sosai, baƙaƙen Amurka da aka haifa cikin Musulunci, ga mutanen Mali da Gini da Sudan, kowa da irin shigarsa, har makarantun gwamnati na ba da hutun Sallah. Amma Inna, ana shafa fatiha kowa ya nufi motarsa. Babu algaita, babu ƙurar dawaki, babu yaron da zai biyo ni a guje yana neman goron Sallah.

Waina ce ta hana ni barci jiya. Ina kwance ina ganin ƙullinku a babbar roba an rufe shi da faifai, ina jin ƙarar ludayi a bakin tanda tun kafin assalatu, Goggo na tsaye tana cewa kanwar ta yi yawa, ku kuna cewa daidai take. Shekara 4 rabona da wannan wainar. Bana na ce sai na yi, kuma na yi, alhamdu lillahi. Ba ta yi saƙar zuma irin taku ba, don kaskon ƙarfe ba ya riƙe zafi kamar tandar ƙasa, amma miyar taushen ta yi daɗi har na lumshe ido.

Kayan miyar duk a unguwar Sinawa na samo su. Kada ku ɗauka irin 'yan Chaina na Kantin Kwari ne da ke zuwa kasuwanci su koma. Waɗannan tun wajen 1870 kakanninsu suka fara da shagon wanki ɗaya a titin Race, aka yi ta zuwa ana raɓawa har wurin ya zama unguwa, da makarantu da coci da kantuna. A bakinta akwai wata ƙofa mai ado ja da kore da ruwan zinare, wadda magina daga birnin Tiyanjin suka zo suka gina a 1984. Duk sanda na wuce ta ƙarƙashinta sai na tuna shiga gari ta Ƙofar Mata. A can nake samun shinkafa mai danƙo irin ta tuwo, da kabewa, da alayyahu, da ɗanyar gyaɗa. Wata tsohuwa mai kanti ce, da ta ga ina ta shinshina kwalabe, ta miƙo mini wani baƙin waken suya da suke rufewa ya ruɓa. Inna, daddawa ce! Gishiri ya ɗan fi yawa, amma ƙamshin nan ne na ɗakin girkinku. Ranar na tsaya a tsakiyar kantin hawaye na zuba, ita kuma tana shafa mini baya, ba mu jin yaren juna sosai.

To wannan unguwar sau da yawa ana neman cinye ta, don tana tsakiyar gari inda fili ke da tsada. A shekarun 1960 aka tsara wani babban titi, Vine, da zai bi ta kan cocinsu da makarantar yaransu. Wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, Cecelia Moy Yep, ta ƙi fita daga gidanta ana rushe na maƙwabta, daga nan suka kafa ƙungiyar raya unguwar a 1969. An yi titin, an buɗe shi a 1991, ya raba unguwar biyu, amma an rage shi kuma cocin na nan har yau. A 2000 aka zo da maganar filin wasa, a 2008 gidan caca, duk suka tsaya aka fasa.

Baba, da na ji 1969 gabana ya faɗi, don shekarar ce kuke ba mu labarin an kori baƙi daga Gana, Kaka ya baro zangon Kumasi da buhu ɗaya bayan duk shekarun da ya yi yana fataucin goro. Tun daga ranar na daina kallon unguwar nan a matsayin kasuwa. Zango ce. Inda baƙo ke sauka bai jin yaren gari, a ba shi ɗaki, a samar masa abin yi, in ya mutu a san yadda za a sallame shi.

Na baya-bayan nan kuwa da idona na gani. A 2022 ƙungiyar ƙwallon kwando ta garin, 76ers, ta ce za ta gina katafaren zauren wasa na dala biliyan 1.3 a jikin unguwar. Ba a ce za a rushe gidan kowa ba. Tsoron shi ne kuɗin haya ya hau, cunkoso ya kori masu zuwa cefane, tsofaffi su tashi ɗaya bayan ɗaya. Haka aka yi a Washintan bayan an buɗe irin wannan zaure a 1997, yau rubutun Sinanci na nan a jikin shaguna amma Sinawan da suka rage 'yan ɗaruruwa ne. Abin da ya taɓa ni shi ne ba a bar su su kaɗai ba. Na je tattakin ƙin amincewa da aka yi a 2024 bayan na taso daga aikin dare, na tarar da limaman cocin baƙar fata, da malaman Yahudawa, da Musulmi, da ɗalibai, da masu jin Sifaniyanci, da ma'aikatan jinya masu tsoron motar asibiti ta maƙale a cunkoso. Wani dattijo baƙar fata kusa da ni ya ce unguwar da aka haife shi an share ta da sunan ci gaba, ba wanda ya tsaya musu, shi ya sa ya fito.

Gaskiya ba kowa ne ya goyi baya ba. Ƙungiyoyin magina da wasu shugabannin baƙar fata sun so aikin don ayyukan yi, kuma ban ga laifin mai neman abincin iyalinsa ba. A Disamban 2024 majalisar gari ta amince da ƙuri'a 12 da 5. Tsohuwar nan mai kanti kwana biyu ba ta yi wa kowa murmushi ba. Sai ga shi a Janairun 2025 masu ƙungiyar sun sasanta da masu tsohon zaurensu, suka ce a kudancin gari za su yi ginin. Wasu na cewa lissafin masu kuɗi ne kawai. Ni dai na ga shekara biyu da rabi da aka yi ana tsaye, ba don wannan tsayuwar ba da tuni an zuba harsashin ginin.

Yau da safe na zuba waina 12 da miya a kwano na kai mata kafin idi, yadda kuke aika mu gidajen maƙwabta. Ta ci ɗaya a tsaye, ta gane wakenta a cikin miyar, ta yi ta dariya tana kiran jikarta. Ta cika mini kwanon da lemo, don su ma ba sa mayar da kwano wayam.

A gaida Hajiya Kaka sosai da sosai. A ce mata ina shafa man ƙafar da ta ba ni kaɗan-kaɗan don kada ya ƙare, carbinta na hannuna a filin idi, kuma kada ta yarda a hana ta cin waina saboda sukari, guda biyu ba za su yi komai ba in sha Allah. A gaida Goggo, da Kawu da iyalinsa, da Yaya Babba da matarsa. Auta, na ga hoton lallenki, wa ya yi miki? Kin yi kyau har na kasa ajiye wayar, kuɗin Sallarki na wurin Yaya, kada ki bari ya ce sai gobe. A gaida Malam na makarantar allo, da mai kitsonmu, da mutanen gidan bayanmu duka.

Inna, in an samu mai tahowa, a saka mini daddawa ta gaske da 'yar kanwa. In zai yiwu har da ƙaramar tanda, a naɗe ta cikin tsohon zaninku kada ta fashe.

Taku har kullum,
'yarku ta Filadelfiya